Tsufa Na Sayarwa: Yadda Aka Fara Tsufar da Sabuwar Jita da Gangan

A watan Oktoba na 2024, gidan gwanjon Bonhams da ke Landan ya sayar da wata jita a kan fam 889,400, har da la'adar masu gwanjo. Da za a ajiye maka ita a gabanka, mai karatu, ba a gaya maka komai ba, da ƙyar ka taya ta kuɗin buhun shinkafa. Fentin jikinta ya kusa ƙarewa, katakon ya yi duhu saboda dauɗa da gumi, ƙarafunan sun dusashe. Jitar wani makaɗi ce ɗan ƙasar Ailan, Rory Gallagher, ƙirar Fender Stratocaster ta 1961. Ya saye ta kwance a birnin Cork a 1963 a kan fam 100, ya kuma yi ta kaɗa ta har zuwa rasuwarsa a 1995. An ma taɓa sace ta, aka tsince ta bayan kwanaki an yar a waje, ruwan sama ya dake ta.

Wannan dai da sauƙin fahimta: mutum ya shahara, kayansa sun yi daraja. Ga inda abin mamakin yake. Yau ɗin nan za ka iya shiga shagon kayan kiɗa a Amurka ko Japan, ka tarar da jitar da aka ƙera watan jiya, amma an kankare mata fenti, an tsattsaga ta, an sa wa ƙarafunanta tsatsa. Kuma kuɗinta ya fi na 'yar'uwarta mai sheƙi da ke rataye kusa da ita. Wato sai ka ƙara kuɗi kafin a lalata maka kaya. To yaya aka yi aka zo nan? Amsar tana cikin tarihin fenti, da na kasuwa, da kuma yadda ido ke yaudarar kunne.

Tun kafin jita, an yi wa goge

Dabarar ba a kan jita aka fara ta ba. A birnin Paris na ƙarni na 19 an yi wani maƙerin gogen Turawa mai suna Jean-Baptiste Vuillaume, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1875. A zamaninsa makaɗa sun fi son tsofaffin gogen Italiya, na su Stradivari da Guarneri, waɗanda a lokacin sun kai shekara ɗari ana kaɗa su. Shafin da ke jikinsu ya goge a inda haɓa ke kwanciya da inda hannu ke zirga-zirga. Vuillaume ya lura cewa sabon goge mai sheƙi ba ya jan masu saye kamar mai kamannin tsoho, sai ya riƙa kwaikwayon tsofaffin har da gogewar shafinsu.

A farkon shekarun 1830, shahararren makaɗi Niccolò Paganini ya kai masa gogensa gyara, wani ƙirar Guarneri na 1743. Vuillaume ya yi amfani da damar ya ƙera irinsa sak. Ana ba da labarin cewa shi kansa Paganini sai da ya yi jim kafin ya gane nasa. Daga baya kwafin ya koma hannun almajirinsa Camillo Sivori, kuma yau duka biyun suna ajiye a birnin Genoa.

Akwai wani goge da ya ratsa hannun Vuillaume wanda zai taimaka mana. Stradivari ne ya ƙera shi a 1716, ana kiransa Messiah, yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Kusan ba a kaɗa shi ba tsawon rayuwarsa, don haka har yau kai ka ce bai daɗe da fitowa daga hannun maƙeri ba. Shekara sama da ɗari uku, amma ba tabo. Ka riƙe wannan: yawan shekaru kaɗai ba ya kawo irin tsufan da ake nema. Hannu ne ke kawo shi.

Fentin da ya fito daga gidan albarushi

Yanzu mu dawo kan jita. Don ka gane dalilin da ya sa jitocin shekarun 1950 suka tsufa yadda suka tsufa, sai ka san abin da aka shafa musu.

A 1846 wani masanin sinadarai, Christian Schönbein, ya gano cewa idan aka jiƙa auduga a haɗin asid ɗin naitirik da na salfurik, tana rikiɗa ta zama abu mai kamawa da wuta nan take. Sunan abin naitiroselulos, masu jita kuma suna taƙaita shi su ce naitiro. Wanda aka cika wa sinadarin naitirojin, kimanin kashi 13 cikin ɗari, shi ne na harsashi da abubuwan fashewa. Wanda aka rage masa kaɗan yana narkewa a tina, idan aka fesa shi kuma ya bushe ya bar siririn shafi mai ƙyalli.

A shekarun 1920 kamfanin DuPont ya fito da fentin mota na naitiro mai suna Duco. Kafin nan, fentin mota guda kan ci makonni ana jiran ya bushe. Duco ya mayar da aikin na ɗan lokaci kaɗan, kuma motar Oakland ta 1924 ce ta fara fita kasuwa da shi. Masu ƙera kujeru da kayan kiɗa suka bi sahu. Lokacin da Leo Fender ya fara ƙera jitar lantarki a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, naitiro ya samu ana yayi. Stratocaster ɗin nan ita ce irin wadda za ka gani a hannun Mdou Moctar na Nijar yana kaɗa ta da hagu. Hatta launukan musamman na Fender, daga kundin fentin motoci aka riƙa zaɓo su. Ba wanda ya zaɓi naitiro don zai tsufa da kyau. An zaɓe shi ne don yana da araha, yana bushewa da wuri, yana da sauƙin gyara.

Me ke faruwa a jikin fentin?

Naitiro yana bushewa ne ta hanyar tashin tinar da aka narkar da shi. Dogayen sarƙoƙin sinadarinsa suna kwanciya kan juna kawai, ba sa ƙulluwa. Shi ya sa ko bayan shekara sittin, ɗigon tina zai sake narkar da shi. Daga wannan raunin ne duk alamomin tsufa suke fitowa, kuma hanyoyin huɗu ne.

Na farko, tsagewa. Ana haɗa naitiro da wasu sinadarai masu sa shi laushi. Da tafiya ta yi tafiya sukan fice a hankali, shafin ya bushe ya yi tauri kamar gilashi. Idan sanyi ya buge shi farat ɗaya, shafin yana son ya tsuke fiye da yadda katakon da ke ƙarƙashinsa zai tsuke. Katako ya riƙe, shafi ya ja, sai ya tsage. Ka tuna yadda laka ke tsattsagewa idan tafki ya ƙafe, ko yadda dunduniya ke faso da hunturu. Makaɗin da ya bar jitarsa a bayan mota cikin dusar ƙanƙara, ya shigo da ita ɗaki mai ɗumi ya buɗe akwatin nan take, yakan ga haka da idonsa. Shi ma katakon yana kumbura da damina ya tsuke da rani, wannan ma yana ƙara jan shafin.

Na biyu, canjin launi. Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, wato ultrabayolet, wanda ke karya sarƙoƙin naitiro ya mayar da shi ruwan ɗorawa. Don haka farar jita takan koma ruwan madara, shuɗiya kuma ta karkata zuwa kore, domin kana kallon shuɗin ne ta cikin shafin da ya yi rawaya. Hayaƙin taba na gidajen rawa ya ƙara nasa.

Na uku, gumi. Gumi ruwa ne da gishiri da ɗan asid. Yana tausasa shafin a inda damtse ke kwanciya, gogayya kuma ta ƙarasa aikin. Gishirin ne ke sa ƙarfe tsatsa, ya dusashe nikel ɗin da aka lulluɓe wasu sassan da shi.

Na huɗu, gogayya da karo: kan bel yana kankare bayan jita, yatsu suna cinye fentin wuya, faɗuwa tana fasa gefe. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne jitar Willie Nelson, ƙirar Martin N-20 da ya saya a 1969 ya raɗa mata suna Trigger. An yi ta ne don kaɗawa da yatsu, shi kuwa da ɗan robar kaɗawa yake dukanta, har ya huda rami a fuskar katakon.

Ka ga kenan kowane tabo yana da sanadi, kuma yana zaune daidai inda sanadin ya faru.

Kamfanoni sun yi maganin cutar

A wurin masu ƙera jita, duk wannan aibi ne. Jitocin Fender na farko, fuskar wuyansu farin katako ne da aka shafa wa naitiro, sai yatsu su cinye shafin, dauɗa ta shiga ta bar baƙaƙen tabo. A 1959 kamfanin ya koma manna katako mai duhu a wurin, wanda ba ya nuna datti. Shi ma Gibson, jan rinin da ya sa wa jitocin Les Paul na 1958 da 1959 yana kwashewa idan rana ta dake shi, wani lokaci tun jitar tana rataye a tagar shago. A 1960 ya canza zuwa launin da ba ya gudu.

A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 aka koma amfani da fentin roba, irin su foliyesta da foliyuretan. Su waɗannan, sarƙoƙinsu ƙulluwa suke yi da juna su zama raga guda. Tina ba ta narkar da su, gumi ba ya cin su, ba sa sirancewa a hankali. In sun sha duka mai ƙarfi sai dai su ɓare kamar ƙwai. A idon injiniya, an gama da matsala.

Sai dai a daidai wannan lokacin makaɗa suka fara juya wa sababbin jitoci baya. Eric Clapton da Mike Bloomfield sun yi suna da tsofaffin Les Paul na 1958 zuwa 1960, waɗanda duka-duka ba su kai 2,000 ba da aka ƙera, an kuma daina yin su. Aka shiga farautarsu. Ra'ayi ya bazu cewa jitocin Fender na kafin zuwan CBS sun fi na bayansa inganci. A 1970 George Gruhn ya buɗe shagon tsofaffin jitoci a Nashville, abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma a nan tsattsagaggen fenti shi ne ya zama shaidar cewa zumar tsohuwa ce. Rinin da ya gudu daga jikin Les Paul, wanda Gibson ya ɗauka abin kunya, yau shi ake yi wa kirari.

1995: tsufa ya shiga kundin farashi

Masu gyaran jita sun daɗe suna tsufar da sassa. Idan ka sa sabon ƙarfe mai walƙiya a jikin jitar 1955, zai yi kamar haƙorin Makka a bakin tsoho, don haka sai a dusashe shi ya saje. Abin da ya canza a 1995 shi ne kamfani da kansa ya fara yi wa jita sukutum.

Fender ya buɗe sashen ƙira ta musamman a 1987. A bikin baje kolin kayan kiɗa na NAMM na watan Janairun 1995, sashen ya nuna jitoci biyu sababbi da aka tsufar, waɗanda wani gwani mai suna Vince Cunetto ya yi wa aikin fenti. Mutane da yawa sun ɗauka tsofaffi ne na gaske. Da aka gaya wa dillalai cewa sababbi ne kuma ana iya yin oda, sai oda ta yi ta shigowa. Aka sa wa samfurin suna Relic. Cunetto ya ci gaba da aikin daga jihar Missouri har zuwa 1999, lokacin da Fender ya mayar da shi cikin gida ya kasa shi mataki-mataki: wadda take kamar sabuwa fil, wadda take kamar an ajiye ta a ɗaki shekaru, da wadda take kamar ta sha yawon duniya.

A ɓangaren Gibson, Tom Murphy ne ya yi fice, mutumin da ke zana tsagar fenti ɗaya bayan ɗaya da reza. A 2021 kamfanin ya fito da jitocin sashen da ke ɗauke da sunansa, Murphy Lab, mai matakan tsufa huɗu, kuma gwargwadon lalacewa gwargwadon kuɗi. Fender kuwa tun 2009 ya sauko da abin ga masu ƙaramin ƙarfi da samfurin Road Worn da ake yi a Meziko.

Har tabon mutum guda ake kwafa. A 2004 an sayar da jitar Clapton mai suna Blackie a kan dala 959,500. Bayan shekara biyu Fender ya ƙera kwafinta guda 275, kowace da ƙunar sigari a kanta daidai inda ta asalin take da ita, aka sayar da kowace a kan kimanin dala 24,000. Sigarin da Clapton ya manta a maƙale yana kiɗa, ga ma'aikata sun zauna suna maimaita ƙunarsa sau 275.

Yadda ake yi, da yadda ake ganewa

Mai tsufar da jita hanyoyin nan huɗu yake bi, sai dai yana gajarta shekara hamsin ta koma kwanaki. Tsaga: ko reza, ko a ɗumama shafin a sanyaya shi farat ɗaya. Launi: a zuba ɗan rini a cikin shafin, ko a gasa shi da fitilar ultrabayolet. Tsatsa: a turara ƙarafuna da tururin asid. Karo: tarin makullai, guduma, samfefa. Dole kuma a koma wa naitiro, domin fentin roba in an kankare shi, kankararre kawai yake zama. Gargaɗi a nan: naitiro yana kama wuta da sauri, tururin asid kuma yana ƙona huhu, ba abin gwadawa a ɗaki ba ne.

To ana iya bambancewa? Sau da yawa, e. Kama da wane ba ta wane. Mai bincike yakan fara da tambayar ko tabon yana da ma'ana: gogewar damtse tana inda damtse ke sauka? Wuya ya cinye a inda yatsu suka fi zama, ko ko'ina ɗaya? Gumi yana sirantar da fenti a hankali, gefensa ya yi sumul, samfefa kuwa tana barin layuka. Tsagar gaske fashewa ce da ta ratsa shafin, ta reza kuma yanka ce daga sama, madubin ƙara girma yana nuna bambancin. Sai a kwance farantin robar da ke fuskar jitar a duba ƙarƙashi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba: a tsohuwar gaske launin wurin ya fi na waje kusa da na asali. A ɗaki mai duhu, fitilar ultrabayolet tana sa tsohon naitiro ya yi wani haske mai kore-kore, inda aka yi faci kuma ya fito daban. A jitoci masu araha ma ba sai an wahala ba: jera guda uku, za ka ga tabo iri ɗaya a wuri ɗaya.

Amma kada ka ɗauka kullum ana kamawa. Gwanin gaske ya san duk waɗannan gwaje-gwajen, don haka masana ba sa dogara da fenti kaɗai, sai sun haɗa da lambobi, wayoyin ciki, da tarihin hannayen da jitar ta bi.

Sauti fa?

Za ka ji ana cewa tsohon fenti yana barin katako ya yi numfashi, shi ya sa sautin ya fi daɗi. Katakon da aka sare ba ya numfashi. A jitar lantarki, sautin yana fitowa ne daga girgizar tsirkiyar ƙarfe a saman maganaɗisu, wanda ke mayar da ita lantarki. Siririn shafin da ke jikin katako mai kauri ba shi da wani babban tasiri a nan. A jitar da ba ta lantarki ba, wadda fuskarta ba ta wuce kaurin milimita uku ba kuma ita ce ke kaɗa iska, nauyin fenti yana iya taɓa sauti. Ko a nan ma kaurin shafin ne abin dubawa, tabonsa ba ya ƙara komai.

Gwajin da ya fi haska wannan batu a kan goge aka yi shi. Claudia Fritz, mai binciken sauti a Paris, da maƙerin goge Joseph Curtin sun sa wa makaɗa baƙin tabarau irin na masu walda, suka miƙa musu tsofaffin gogen Italiya da sababbi a cakuɗe. A sakamakon da suka wallafa a 2012 da 2014, makaɗan sun kasa bambance tsoho da sabo fiye da yadda mai canke zai yi. A gwaji na biyu, shida daga cikin manyan makaɗa goma sabon goge suka zaɓa. Da aka rufe ido, kunne ya rasa abin da yake rantsuwa yana ji.

Akwai dai amfani guda na zahiri. Wuyan da fentinsa ya goge ba ya danƙo a tafin hannu mai gumi, gefunansa kuma sun yi laushi. Makaɗa da yawa kuma suna cewa sun fi sakin jiki da jitar da ta riga ta sha tabo, domin ba sa fargabar yi mata na farko.

Inda gizo ke saƙar

Masu sukar Relic suna cewa tabon aro ne, kamar mutum ya sayi lambar yabon yaƙin da bai je ba. Masu kare shi suna cewa launi ne kamar kowane launi, kamar wandon jins da ake sayarwa a yage. Wannan gardama ta ɗanɗano ce, ba ta da alƙali.

Wadda take da alƙali ita ce ta ciniki. Fender da Gibson suna buga hatiminsu da lambarsu a jikin jitar, su haɗa da takardar shaida, mai saye ya san abin da ya saya. Matsala tana farawa ne ranar da wani ya goge hatimin, ko ya yi wa tsohuwar jita sabon fenti ya tsufar da shi ya ce na asali ne. A kasuwar tsofaffin jitoci, sake fenti kaɗai yana iya zaftare kusan rabin kuɗin jita, don haka akwai riba mai yawa a ɓoye shi. Reza ɗaya ce, tina ɗaya ce, amma na farko ado ya sayar, na biyu algus ya yi.

Ita kuwa jitar Rory Gallagher, wanda ya saye ta a gwanjon ya miƙa ta ga gidan tarihin ƙasar Ailan. Fender ya daɗe yana sayar da kwafinta, kuma kwafin yana da kyau, yana kiɗa lafiya lau. Idan ka sa su gefe da gefe, wataƙila ba za ka bambance ba. Bambancin shi ne, a jikin ɗaya kowane gurbin da fenti ya tashi yana nuna inda hannun mutum guda ya sauka dare bayan dare, shekara 32. Ɗayar kuma tana nuna cewa wani gwani ya kalli ta farkon da kyau. In ka tashi saye, ko jita ce ko wani abin da aka ce maka tsoho ne, tambayi mai kayan: wannan tabon, wa ya yi shi, kuma yaushe?